Shekarar da Na Kwantar da Malam Sabitu

Ranar sunan ɗan Nasiru na uku ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai na ji Nasiru yana ba abokansa labarina. Yana cewa mahaifinsa mutum ne mai riƙon amana, wanda ya taɓa rufe shagonsa ya tafi har Legas don ya yi jinyar maigidan da ya koya masa sana'a. Abokan suka yi ta jinjina kai, ɗayansu har ya taso ya sake durƙusawa ya gaishe ni. Na amsa, ban ƙara komai ba. Na sha jin labarin nan a bakinku ku 'ya'yana, kuma kowane karo tsawo yake ƙarawa. A bakin Sadiya har kwana arba'in na yi a asibiti ina juya mara lafiya. To, ku saurara. Ban yi jinyar kowa ba. Malam Sabitu ko ciwon kai bai yi ba a shekarar nan. Teku na je kallo, kuma mahaifiyarku ce ta biya kuɗin kallon da abin da ya fi kuɗi. Zan faɗa muku yadda abin ya faru bi da bi, kada wanda ya tsallake shafi.

Da aikin zan fara, domin daga nan abin ya taso. Na yi shekara talatin da wani abu ina gyaran rediyo da talabijin a shagon nan na Unguwar Kanawa a Kaduna, kuma ina da ƙa'idar da ban taɓa karyawa ba. In an kawo talabijin, na farko a saurari mai ita, na biyu a buɗe bayanta a share, na uku a bi ta da mita, na huɗu a narka dalma a gyara, na biyar a gwada. A gwajin nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Ni ba na ba mutum kayansa sai ta yi awa uku a kunne, saboda akwai ciwon da ba ya fitowa sai ta ɗauki zafi. Kuma ba da kowace tasha ake gwaji ba. Labarai ba su da amfani, mutum ɗaya ne zaune a gaban bango ɗaya. Ƙwallo kuwa kore ne kawai daga sama har ƙasa. Da na kafa satalayit a shagon sai na samo wata tasha ta ƙasar waje wadda ba ta da aiki sai nuna tafiye-tafiye, na ga ta haɗa duk abin da mai gyara yake nema: ruwa don shuɗi, daji don kore, dusar ƙanƙara don fari, kasuwar kayan yaji don ja da rawaya. Akwai wani shiri da suke sakawa kullum da hantsi, na wani mutum mai furfura da jaka a baya, yau yana cikin kwalekwale, gobe yana kan dutse, jibi yana tsaye a bakin titi yana cin abin da ban san sunansa ba. Tanimu tela, maƙwabcin shagona, shi ya raɗa masa Mai Jaka. Na yi shekaru ina kallon Mai Jaka ban gan shi ba. Fuskarsa nake dubawa in ga ko ja ya yi yawa. Murya kuma a kashe take, sai a minti na ƙarshe nake ɗaga ta in ji lafiyar lasifika, in mayar.

A shekarar da nake ba ku labari aiki ya ja baya. Talabijin masu ƙeya, waɗanda na sani kamar yunwar cikina, suka fara ƙarewa, shafaffun nan na bango suka cika gari, su kuwa in gilashinsu ya fashe magana ta ƙare. Sai in wuni a kan talabijin ɗaya, wata rana ma babu. Mutumin da ya saba hannunsa yana aiki, in aka zaunar da shi, idonsa ne yake fara yawo. Wata rana wata mata daga Badarawa ta kawo tsohuwar talabijin ɗinta, na gyara, na zo mataki na biyar. Da na ɗaga murya sai na ji wani huci yana tasowa yana kwantawa, ya sake tasowa ya sake kwantawa. Na ce lasifika ce. Na kashe, na canja ta, na kunna, hucin yana nan. Na sake kashewa na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba. Da na kunna a karo na uku ne na ɗaga kai na dubi hoton kamar yadda mai ita za ta dube shi. Mai Jaka yana tsaye ba takalmi a kan yashi, ruwa yana taho masa yana komawa, kuma duk tahowar ruwan sai hucin ya taso. Ashe talabijin lafiyarta ƙalau. Ruwan ne haka yake kuka. Na zauna da sukundireba a hannu, ban tashi ba sai da aka kira azahar.

Daga ranar zama ya gagare ni. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, sai dai in ce kamar mutum ya fito daga gida yana jin ya manta wani abu, ya laluba aljihu ya ga komai yana nan, amma jin bai tafi ba. Na sayi taswira a wurin mai sayar da littattafan makaranta na liƙa a bayan ƙofar shago inda ba a gani. Na ɗauki sabon littafi na fara rubuta wuraren da Mai Jaka yake zuwa, na jera su daga na kusa zuwa na nesa, na sa wa kowanne lamba. Teku ce lamba ɗaya, don ita ba ta buƙatar fasfo. Bayan la'asar sai in rufe shago in kama tafiya a ƙasa ba inda na nufa, wata rana in tsinci kaina a tashar mota ta Kawo ina karanta sunayen garuruwa a kan motoci, 'yan kamasho suna tambayata ina zuwa, ina cewa babu. A gida kun san dokata, talabijin ta labarai ce, a gama a kashe a rufe ta da ƙyalle. Ni da na kafa dokar ni na karya ta. Na ja waya na haɗa tashar a ɗaki, na ce gwaji nake yi. Mahaifiyarku takan zo da tiren shinkafa ta zauna a gefe tana tsincewa. Wata rana da yamma aka sake nuno ruwan, na ga hannunta ya tsaya a cikin tiren.

“Malam, wannan ruwan yana da tsallake kuwa?”

“Yana da shi, amma ba a hangowa.”

“Ikon Allah. Ni da iyakata Kano, ita ma bikin 'yar yayata ne ya kai ni. In ka tashi zuwa ka tafi da ni, in riƙe maka jaka.”

“Wa ya ce miki zuwa zan yi? Gwaji nake.”

“To, Allah ya ba da sa'ar gwaji. Wata biyu ke nan ana gwada talabijin ɗaya, har yau ba a gano ciwonta ba.”

Na rubuta wannan don kada ku nema mini uzurin cewa ban san tana so ba. Na sani. Da bakinta ta faɗa, kuma ba sau ɗaya ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne me zan ce wa mutane. A wurinmu tafiya ƙofa huɗu gare ta: fatauci, zumunci, neman ilimi, sai aikin Hajji. Abin da ya fita daga waɗannan yawon banza ne, ni da bakina na sha faɗa muku haka. Duk da haka na ce bari in gwada maganar a kan Tanimu in ji yadda za ta yi ƙara. Kun san shi Bazazzagi ne, ni Bakano, tsakaninmu ba a raga wa juna. Na same shi a kan keke yana ɗinkin wuyan riga, allura a baki.

“Tanimu, a ce mutum ya tashi ya tafi Legas don ya ga teku kawai, ya juyo.”

“Wane mutum?”

“Wani dai.”

“Yaro ko babba?”

“Babba. Da iyalinsa.”

“Yana da kaya a can?”

“Babu.”

“An yi masa rasuwa? Ko biki?”

“Na ce maka teku kawai.”

Ya cire allurar daga baki ya soke ta a hula.

“To ɗayan biyu ne. Ko ya ɓoye mata a can, ko kuma a nemo masa rubutu ya sha. Ku Kanawa da ko gaisuwar mutuwa sai kun tafi da haja a jaka, wa zai yarda ɗayanku ya ƙona mai don kallon ruwa? In ruwa yake so ga kogi nan a Rafin Guza. Ka turo shi in ara masa benci.”

Na yi dariya tare da shi, na koma shago. A ranar na gane ba zan iya tsayawa a ƙofar masallaci in ce wa dattawa na tafi kallo ba, balle in ce na ɗauki matata mun tafi kallo. Kuma na gane ba zan iya fasawa ba. Kwana shida ina juya abin, a na bakwai na zaɓi ƙofar zumunci.

Malam Sabitu shi ne ya ɗauke ni ina ɗan shekara goma sha biyar, ya koya mini riƙe ƙarfen dalma, ya ciyar da ni, ya tsaya mini har na buɗe nawa shagon. Daga baya ya koma Agege wurin 'ya'yansa. A lokacin nan rabona da jin muryarsa shekara goma sha ɗaya, lambarsa ma ba ni da ita. Da safe muna shan koko na ajiye ludayi na ce wa mahaifiyarku an bugo mini daga Legas, Malam Sabitu ba shi da lafiya. Na ɗauka ƙarya ɗaya zan yi in huta. Ban san ba ta tafiya ita kaɗai ba, domin ban saba da ita ba.

“Inna lillahi. Me ya same shi?”

“Ƙafa.”

“Ƙafa kamar yaya?”

“Ta kumbura.”

“Ciwon suga ne ke nan.”

“Haka suka ce.”

“Kira su ka ba ni shi in yi masa sannu. Mutumin da ya zo da kansa neman aurena a madadinka.”

“Ba ya iya magana.”

“Ciwon ƙafa har ya hana magana? To abin ya yi nisa. Malam, kada ka wuce jibi.”

Kafin koko ya huce na yi biyar. Kafin azahar maganar ta zagaye unguwa. Bayan sallar la'asar liman ya juyo ya ce a yi wa maigidan ɗan'uwanmu addu'a, yana kwance a Legas rai a hannun Allah. Na ɗaga hannu tare da jama'a na ce amin. Wata maƙwabciya ta aiko da garin magani a ƙulle, a jiƙa a shafa safe da yamma. Mahaifiyarku ta sa aka yanko nama, ta wuni a tsakar gida tana dafawa tana dakawa tana soyawa, hayaƙi yana sa ta tari, ta cika roba da dambun nama, ta ce mara lafiya ko ba ya cin komai zai iya tsotsar wannan. Ta haɗa da kwalbar zumar da take lasa don tarin nata. Tanimu kuma ya shigo da wando sabo, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya faɗi, ya ce ya ɗinka ne don kumburin, tunda ban faɗi wace ƙafa ba ya yi shi yadda za a iya juyawa.

“Ka gaishe shi da jiki. In kuma hanya ta bi da kai ta bakin ruwa, ka duba mini ko mutumin nan naka yana can.”

Har Tanimu ya rasu ban san ko ya gane ba ne ko tsokana ce kawai irin tasa.

Ranar tafiya mahaifiyarku ta rako ni har zaure da jakar a hannunta. Ta miƙo mini, amma ba ta saki maɗaurin nan da nan ba.

“Da ba jinya za ka ba, da na ce ka tafi da ni.”

“Wata rana.”

“Allah ya nuna mana. Ka sauka lafiya.”

A nan ne ya kamata in ajiye jakar in faɗa mata. Babu kowa a zauren, daga ni sai ita. Na karɓa na fita.

Mun kwana a hanya, muka shiga Legas da hantsi. Niyyata in wuce bakin ruwa kai tsaye, amma kayan mutane suna hannuna, kuma kaya in an ba ka ka kai, sai ka kai. Na yi ta tambaya a cikin Hausawan Agege har aka nuna mini gidan. Na tarar da Malam Sabitu a ƙofar gida, ya haura tamanin, yana tsaye a kan kujera da ƙafafunsa biyu yana gyara wayar fitila. Ya sauko ba wanda ya riƙe shi. Ya gane ni tun kafin in yi sallama, ya rungume ni, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Dambu ya yi murna da shi, zuma ya sa albarka. Da aka zo kan maganin shafawa ya dube ni. Da na warware wandon sai ya ɗaga shi sama ya juya shi.

“Wannan na waye?”

“Naka ne, Baba.”

“Ƙafata ce ta zama haka ban sani ba?”

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai, tun daga hucin lasifika har addu'ar liman. Bai katse ni ba. Da na gama ya buɗe robar dambu ya ɗiba ya ci, ya daɗe yana taunawa.

“Addu'ar dai na karɓa, tsoho ba ya ƙin addu'a. Amma shekara goma sha ɗaya ba ka neme ni ba, sai da ka buƙaci wanda za ka kwantar. Da ka ce kewata ka yi, ai da ƙaryar ta fi daɗin ji.”

“Ka yafe mini, Baba.”

“Ni na yafe, me ka rage ni da shi? Wadda ta daka naman nan fa, ta san inda ka zo?”

Na girgiza kai.

“To tashi ka je ka ga ruwanka. Ni shekara ashirin a garin nan sau biyu na je, duka biyun baƙi na raka.”

Ya kwatanta mini motocin da zan hau, uku ne, na rubuta su a jere. Na isa bakin ruwa bayan azahar. Zan faɗa muku abin da na gani ba ƙari. Ba shuɗi ba ne. Toka-toka ne da ɗan kore, har na ji yatsuna suna neman inda za su murɗa su gyara kalar. Amma girman, wannan babu gilashin da ya taɓa ɗaukarsa. Na cire takalmi, na naɗe ƙafar wando, na shiga har idon sawu. Ruwan ya zo ya ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafata, na ji kamar ƙasa ce take tafiya da ni. Na dubi inda ya haɗu da sama na nemi tsallaken, babu. Sai na juya hagu don in ce kin gani, ba a hangowa. Wani mai sayar da kwakwa ne a wurin, ya ɗauka ciniki zan yi. Daga nan wurin ya ƙi zaunuwa. Na yi gaba na dawo, na zauna na tashi. Can nesa akwai manyan jirage a jere suna jiran shiga, na kama kaina ina tunanin daga ina suka fito, ina tuna lamba biyu da lamba uku a littafina. Abin da na zo in kashe bai mutu ba, ƙaruwa ya yi. Ban cika awa ɗaya ba na sa takalmina. Na kwana biyu a wurin Malam Sabitu don kada a ce na dawo da wuri, na juyo gida.

A unguwa kowa ya tare ni da ya mai jiki, ni kuma ina cewa na baro shi a tsaye da ƙafafunsa, yana cin abinci. Gaskiya ce, amma aikin ƙarya take yi, kuma na san haka. Liman ya ce addu'ar jama'a ba ta faɗuwa ƙasa. Kwana biyu da dawowata, da hantsi, kun tafi makaranta da wuraren aikinku, mahaifiyarku tana wanki a tsakar gida. Na fito zan tafi shago sai ta kira ni. Wandon da na yi tafiya da shi ne a hannunta, ta juya lanƙwasar ƙafarsa, farin yashi mai laushi ya zubo a tafin hannunta, irin wanda babu shi a Kaduna.

“Malam, asibitin nasu a kan yashi aka gina shi?”

Na jawo kujera na zauna. Na faɗa mata kamar yadda na faɗa wa Malam Sabitu, ban rage ba. Tana tsugune a gaban baho, ba ta dube ni ba, yashin take murzawa da yatsa.

“Yana da girma?”

“Ya wuce yadda ake nunawa.”

“Ka taɓa shi?”

“Na shiga har idon sawu.”

Ta gyaɗa kai. Ta zuba yashin a murfin robar sabulu ta ajiye gefe, ta goge hannu a zane.

“Tafiyar ba ta dame ni ba, namiji ne kai, ƙafarka ce. Dambun ma na bar shi sadaka. Amma kwana huɗu ina tashi ina roƙa wa mutum lafiya, mata suna shigowa ina ba su labarin ƙafar da ba ta kumbura ba. Ka sa ƙarya a bakina ban sani ba. Ni ban taɓa yi maka haka ba.”

“Na yi kuskure. Ki shirya, bayan Sallah sai mu je tare.”

“Mu ce wa mutane me?”

“Sai mu ce za mu dubo shi.”

“Wa za mu kwantar a wannan karon? Shi ɗin dai, ko akwai wani tsohon a ajiye?”

Ta jawo bahon ta ci gaba da cuɗa, tana magana ba ta ɗaga murya.

“Ka tuna ranar da ka zane Nasiru da wayar rediyo har ya kasa zama? Ya ce Islamiyya ya je, ashe kogi suka tafi kallon masu kamun kifi. Ka ce ba don kogin ka dake shi ba, don ƙaryar ce. Ina tsaye a nan ban hana ka ba, saboda na yarda mai dukan ba ya yi. To ga sharaɗina. Ka tara yaran nan ka faɗa musu da bakinka inda ka je. In ka yi, ko washegari ne na ɗaura zanena mu tafi, duk wanda ya tambaye ni in ce masa ruwa za ni kallo, ba na jin kunyar kowa. In ba ka yi ba, ni ba zan tona ka ba, amma ba na zuwa.”

Na ce na amince. Kuma da gaske nake, Allah shi ne shaida. Sai dai na ce komai yana da lokacinsa, a bi abu daki-daki. Na farko na ce bari Sallah ta wuce, kada a ɓata wa yara biki. Da ta wuce sai maganar auren Sadiya ta taso, na ce ba yanzu ba, kada surukai su ji su ce uban amarya maƙaryaci ne. Bayan biki damina ta kwashe rufin ɗakin baya, na ce a gama da wannan tukuna. Ana cikin haka, a shekara ta uku, Malam Sabitu ya rasu da gaske, a cikin barcinsa, ƙafafunsa lafiya lau. Mutane suka cika ƙofar gida suna yi mini gaisuwa, kowa yana cewa ai ka sauke nauyinsa tun yana da rai, ka yi masa jinya. Na ce a raina yanzu kam ai sai abin ya lafa. Duk tsawon lokacin nan shirin Mai Jaka yana nan, kuma ban daina kunnawa ba, littafina har ya kai lamba arba'in da ɗaya. Ita kuwa in an nuno ruwa sai ta ɗauki tirenta ta koma tsakar gida. Sau ɗaya tak ta tuna mini, wata Juma'a da kuka zo gaba ɗaya cin abinci, har da Nasiru da matarsa. Ta zo ɗaukar kwano a gabana ta yi ƙasa da murya.

“Ga su nan duka, Malam.”

“Akwai baƙuwa. Sai wani zuwan.”

Ba ta sake magana a kai ba. Ta cika nata alkawarin, ba ta tona ni ba. In ɗayanku ya ɗauko labarin jinyar a gabanta, takan ce ku tambayi babanku, shi ya je. Tarin nan nata ya ci gaba, a shekara ta huɗu ya kwantar da ita, sauran kun sani, kuna wurin.

Shekara tara ke nan ina jin kuna yabona da abin da ban yi ba, ina amsawa da shiru. Ban iya tara ku na faɗa da baki kamar yadda ta ce ba, na gwada ranar sunan nan harshena ya ƙi. Saboda haka na rubuta, kuma na sa a ba kowannenku nasa. Nasiru, kai za ka karanta shi a fili, a tsakar gida, kowa yana zaune, har da matanku da mazanku, babu wanda za a ce baƙo ne. In ka gama ba na son a ce mini ba komai. Abu ɗaya ta nema a wurina, minti biyar zai ɗauke ni, kuma ranar nan da ta ce ga su nan duka tana da sauran ƙarfin hawa mota.